Sabon Huji a Bel ɗin Direba

Zuwa ga 'yar wana, Tsinke,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ta ƙi ji ta ƙi gani. Maƙwabcina Tela ne ke rubuta mini kamar kullum. In kin ga kuskure nasa ne, in kin ga faɗa nawa ne.

Tun shekarar da kasuwa ta ƙone, shekarar da ubanki ya kwanta bai tashi ba, gabana bai ƙara faɗuwa irin na makon jiya ba. Ɗana Direba ya kai kaya garinku, ya kwana gidanki, na ji daɗi na ce zumunci bai mutu ba. Sai ga shi ya dawo mini da auduga manne a gwiwar hannu. Wai kin kai shi wurin aikinku an ɗebi jininsa. Mutumin da ya tafi da ƙafarsa, ko ciwon kai ba ya yi!

Kin san al'adarsa. Kafin ya tayar da mota sai ya biyo rumfata, ya zauna kan bencin da masu jiran takalmi ke zama, mai shayi ya miƙo mana kofi biyu. Ran nan yana zama sai na ji ya ce, “Nawa ban da suga.” Basilla na hannuna, saura kaɗan in soke kaina. Wannan maganar na taɓa jinta a kan bencin nan, daga bakin ubanki, kuma kin san inda ta kai mu.

Na tambaye shi, ya ce, “Baba, kitse ne suka auna.” Na ce kitse a jini? Ya ce shi ma bai gane ba, in tambaye ki. To ga ni na tambaya. Ki faɗa mini abin da kuka gani, kada ki rage kome don kina ganin na tsufa. Ni na wanke ubanki da hannuna, babu maganar da za ta fi ƙarfina.

Ki gaida maigidan. Ke kuma ki riƙa cin abinci, Direba ya ce har yanzu iska mai ƙarfi za ta iya ɗauke ki.

Naki,
Baba Ƙarami

*

Baba Ƙarami,

Ina gaisuwa da ladabi. Ya gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi. Yara suna gaishe ka, ƙaramar tana nan tana taƙama da takalmin da ka ɗinko mata.

Baba, ka kwantar da hankalinka, Yaya Direba ba shi da ciwon suga. Sai dai sugan jininsa ya ɗara na mai lafiya, bai kai na mai ciwo ba. Yana bakin ƙofa ne, kuma daga bakin ƙofa ana juyowa.

Maganar kitse kuwa, bincike muke yi a wurin aikinmu. Da ana ɗauka kitse ajiya ce kawai, kamar buhu a lungun ɗaki. Ashe yana aika saƙo: yana zuba wasu sinadarai a cikin jini, mu kuma muna auna su don mu ga ko za su nuna ciwo tun bai iso ba. Biyu muka fi dubawa. Na farko sunansa laftin, shi ne ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi. Na Yaya ya yi yawa, kamar mai buga ƙofa dare da rana har mutanen gida suka daina jinsa. Na biyu adifonektin, shi kamar mai gadi ne, yana taimakon jiki ya kwashe suga daga jini. Shi ma kitse ne ke yin sa, kuma na Yaya ya yi ƙasa sosai.

Na gaya masa ya rage tumbin nan, ya bar lemon kwalba da suga, ya riƙa takawa da ƙafa in ya ajiye mota. Ka taya ni sa masa ido, kai yake ji.

A gaggauce nake rubutu, an tura mu ƙauyuka ɗibar jini, mota na jira.

'Yarka,
Tsinke

*

Tsinke,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Gwiwa tana nan yadda kika san ta.

Takardarki ta iso. Na sa Tela ya maimaita mini wuri ɗaya har ya ce in ƙyale shi yana da ɗinkin mutane. Sunayen nan biyu ba za su zauna a bakina ba, na bar muku. Amma na gane mai gadin. Kin ce kitse ke yin sa. Kin ce na Direba ya yi ƙasa. Sannan a layi na gaba kika ce ya rage kitse. 'Yar nan, ko dai gaggawar mota ce ta sa hannunki ya zame? In ruwan randa ya yi ƙasa, rijiya ake cikewa da ƙasa? Ban zauna a aji ba, amma fata na sani. Fatar da ta rasa mai ita ke tsagewa.

Bari in gaya miki abin da ba ki sani ba, don lokacin ko ɗaurin zane ba ki iya ba. Bel ɗin ubanki ni na yanka shi, fatar bijimi ce mai kauri. Kafin gobarar kasuwa ya fara zuwa rumfata yana cewa, “Ƙarami, ƙara mini huji ta ciki, wando na zamewa.” In huda. Wata ya kama, ya sake dawowa. In huda. Har harshen bel ɗin ya zagaya ya kai masa gadon baya. Mutumin da in ya zauna a bencina sai bencin ya yi ƙara, ya koma ina ɗaga shi da hannu ɗaya in gyara masa shimfiɗa. Daga nan sai ƙafa ta yi gyambo, daga gyambo sai asibiti, aka yanke, bai ƙara sa takalmin da na yi masa ba. Ranar da hayaƙin kasuwa ya rufe unguwa yana kwance yana tambayata me ke ƙonewa. Bel ɗin yana nan rataye a ƙusa bayan kaina, ban taɓa yarda an taɓa shi ba.

To shekaranjiya Direba ya zo, ya kwance nasa bel ɗin yana murmushi, ya ɗora mini a cinya. Ya ce, “Baba, ƙara mini huji ta ciki.”

Tsinke, ban san lokacin da na jefar da shi ba. Na ce hannuna ba zai ƙara yin wannan hujin ba har in koma ga Allah. Ya ce, “Baba, ai lafiya ce, ina jin jikina sakayau.” Ubanki ma haka ya ce da fari.

Na dube shi da kyau. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Kumatun nan da ya gado wurin kakansa sun fara zubewa. Matarsa, Allah ya shirye ta, ta mayar da shi akuya, ganye safe ganye yamma, ga shi kullum yana zagaye filin ƙwallo kamar wanda ya yar da makulli.

Saboda haka na ɗauki mataki, kuma ina gaya miki don ba na aiki a ɓoye. Na ce wa mai shayi ya mayar da suga da madara kamar da, ya shafe burodin da bota ciki da waje. Da rana in yana gari ina aika a sayo soyayyen nama, wajen kitsen, ya ci a gabana. Ya so ya yi gardama, na ce, “In ni na haife ka, cinye.” Ya cinye. Yaro ne mai biyayya, ba a banza nake sa masa albarka ba.

Jininsa ya ce mai gadi ya yi kaɗan, ni kuma ina ƙara wa mai gadi abinci. In na yi kuskure ki rubuto. Amma na san ban yi ba.

Baba Ƙarami

*

Tsinke,

Ina gaisuwa. Shiru dai. Ko lafiya? Ruwan sama ya sauka ya ɗauke ban ji daga gare ki ba. Na aika wasiƙa ta hannun mai motar da ke bi ta wurin aikinku, ya rantse ya ba mai gadin ƙofa. In fushi kike yi da ni ki faɗa, na fi son zagi da shiru.

Da farko abin ya yi kyau. Direba ya murmure, tumbi ya dawo har ya ɗara na da. Ya zo na ƙara masa huji ta waje, a ƙarshen harshen bel ɗin, ina yi ina waƙa. Matarsa ta zo rumfata ta durƙusa, ta ce, “Baba, don girman Allah ka bar shi ya bi maganar asibiti.” Na ce ta tashi, na riga ta sanin yaron nan. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma a taƙaice.

Yanzu ga abin da ya sa na hana Tela ɗinkinsa yau. Direba ya fara shan ruwa. Ba shan mutane ba. Ya sayi jarka ya ajiye gefen kujerarsa a mota, kafin ya kai rabin hanya ta ƙare. Jiya yana zaune a bencina ya shanye ruwan da nake jiƙa fata da shi bai ma lura ba, ya ajiye kwanon yana lasar leɓe. In ya ci abinci sai gyangyaɗi, a zaune, baki buɗe. Mutumin da ke riƙe da sitiyarin babbar mota! Bayan wuyansa kuma ya yi baƙi kamar ba ya wanka, na sa hannu na murza, ba dauɗa ba ce.

Tela ya ce zafi ne ake yi, kowa ma na shan ruwa. Na ce masa ya riƙe alƙalaminsa. Ni na san wannan ƙishirwar. Ubanki ya yi ta. Buta ba ta rabuwa da gefensa, har muna yi masa tsiya muna cewa ya auri randa.

Abin da ya ɗaure mini kai ke nan. Na tare rama, ta tsaya. To ita ƙishirwar ta ina ta shigo? Yanzu in ya cire takalmi ya miƙo mini gyara, ba takalmin nake kallo ba, yatsunsa nake ƙirgawa da ido. Ya lura, ya ce, “Baba, me ka gani?” Na ce ba kome, dunduniyar ce ta cinye ta gefe.

Ban daina ba shi naman ba, don ban san wanne zan daina ba. In na bari ya rame, in na ci gaba ya sha ruwa. Abinci ya daina yi mini daɗi. Ki rubuto, 'yar wana. Ba ni da wani ɗa namiji sai shi, ubanki kuma ba ya nan balle in tambaye shi.

Baba Ƙarami

Ƙari daga ni Tela: ki yi haƙuri da shisshigi. Tsohon nan ya rame ya fi wanda ake magana a kansa. Ki yi sauri.

*

Baba,

Ina gaishe ka. Jiya muka dawo daga ƙauyuka, na tarar da wasiƙunka biyu a kan teburina, ƙura ta rufe su. Ban zauna ba sai da na karanta su.

Laifina ne, na rubuta rabin magana na hau mota. Baba, ka saurare ni da kyau, ka sa Tela ya karanta a hankali. Gaskiya ne kitse ke yin mai gadin nan. Amma kitsen da ke cikin hayyacinsa ne ke yin sa. In ya taru ya kumbura, musamman na tumbi, sai ya rage yi. Kamar rumfarka ce: in aka jibge maka takalma har ba ka da wurin miƙe hannu, aiki ƙaruwa zai yi ko raguwa? Duk tumbin da ka ƙara wa Yaya, mai gadin ka rage masa. In tumbi ya sauka, shi ke hawa.

Ramar babana daban ce. Shi ciwon ya riga ya shige shi ba a sani ba, suga na zuba a fitsari, jiki na cin kansa. Ba ya tafiya, ba ya rage abinci, amma yana narkewa. Ramar ba ita ta kawo ciwon ba, Baba, ciwon ne ya kawo ta, a ƙarshe.

Ka ce ban iya ɗaurin zane ba a lokacin. Haka ne. Amma akwai abin da na riƙe. Ina tuna in ya dawo daga kasuwa nakan ruga in rungume shi, hannuwana ba sa kai ko rabin cikinsa, yana dariya yana cewa in ci abinci in girma in zagaye shi. Kai ne mai riƙe mana tarihin gida, ba ni ba. Ka tuna mini: kafin hujin ciki, me ya faru da bel ɗin?

Ƙishirwar nan da gyangyaɗin ba abin jira ba ne. Takardar nan na isowa, a kai Yaya asibiti mafi kusa da safe kafin ya ci kome, a auna sugansa. Ba sai an zo wurinmu ba, awonmu na bincike ne, awon suga shi ne mai yanke hukunci. Kada ya kama doguwar hanya sai likita ya gan shi. A dakatar da nama da shayin nan yau, ba gobe ba.

Ka yafe mini in na ɗaga murya. Na rasa uba ɗaya a kan wannan ciwon, kai ma ka ci abinci.

'Yarka,
Tsinke

*

Tsinke,

Gaisuwa. Muna nan da rai. Gwiwar ma na manta da ita.

Tela na gama karatu na ce ya fita ya ba ni wuri. Na juya na sauko da bel ɗin ubanki daga ƙusa, karo na farko tun rasuwarsa. Ya bushe ya yi tauri, sai da na shafa masa mai kafin ya miƙe. Kullum in na kalle shi hujin ciki nake gani, jere kamar sawun kaza. Ran nan na bi shi da yatsa har ƙarshe. Akwai ƙari a harshensa, guntuwar fata mai wani launi, tsawon tafin hannu. Ɗinkina ne, ba wanda ke kulle zare haka sai ni. Bel ɗin ya taɓa yi masa kaɗan har sai da na ƙara masa fata, shekarar da aka kawo famfo unguwarmu, tun kasuwa ba ta san za ta ƙone ba. Hujin da ke kan ƙarin ya buɗe ya yi faɗi saboda ja. Ranar da na ɗinka masa har cewa na yi, “Wana, arziki ya zauna.” Daga nan sai buta. Daga buta sai rama.

Na ɗora bel ɗin Direba a raina kusa da shi. Hujin da na yi masa ina waƙa, daga shi sai ƙarin fata.

Ba zan ce kin fi ni sanin ubanki ba. Na dai fara labarin daga tsakiya.

Mun je asibiti, ni da shi da matarsa. Ita ta shiga gaba, ni na zauna a benci a baranda ina kallon takalman masu wucewa. Wani ya wuce da sanda, ƙafar wandonsa ɗaya a naɗe da fil. Na kawar da kai, na sake kallo. Da suka fito likitan ya ce a kira tsohon, wai an gaya masa ni ne mai dafa matsalar. Ya ce sugan ya hau fiye da wanda kuka auna. Bai tsallaka ba tukuna, amma ba sauran tazara, zai sake aunawa nan gaba kaɗan kafin ya yanke magana. Ya hana shi doguwar hanya sai gyangyaɗin ya bari. Na ce, “Likita, zai juyo?” Ya ce da yawa suna juyowa. Na ce ba da yawa na tambaya ba, wannan na tambaya. Ya ce wannan sai abin da muka yi a gida.

Muka kamo hanyar gida. Da muka iso ƙofa na ce wa matarsa, “Ganyen nan naki, akwai saura?” Ta ce akwai. Na ce a zubo da ni. Ta rufe baki da mayafi, ban sani ba ko dariya ce ko kuka. Na ci. Ba daɗi, kada ki bari a ruɗe ki.

Mai shayi ya ji haushi, ya ce na sa shi gaba na sa shi baya kamar mai koyon mota.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba sai ke, sai Tela da ba yadda zan yi da kunnensa. Yanzu zan zauna a rumfar nan in ga ɗana yana raguwa, wuyan riga na yi masa yawa, kuma an ce in yi murna. Idona bai san bambancin ramar lafiya da waccan ba, iri ɗaya suke shigowa. Kin ce jini ya sani. To ki riƙa ɗiba kina tambayarsa, ki duba mini mai gadin nan ko ya fara dawowa bakin aikinsa, kuma in za ki shiga ƙauye ki bar wanda zai buɗe wasiƙa.

Ɗazu da yamma na ce Direba ya bar mini bel ɗinsa ya ɗaura igiya. Ya ce, “Baba, ai yanzu daidai yake, ba ya buƙatar kome.” Na ce ban tambaye shi ba. Yana nan rataye a ƙusa ɗaya da na ubanki.

Gobe da safe, kafin in taɓa takalmin kowa, zan ɗinke hujin nan na waje da zare biyu yadda ko ya so ba zai shiga ba. Sannan in wasa basilla in huda masa na ciki, wanda na rantse ba zan ƙara yi ba, in miƙa masa in ce ya rage tumbi har ya same shi. Tela zai riƙe mini fatar.

Naki,
Baba Ƙarami